Tsohon Faifan Garmaho Ya Sake Yin Daraja

A garuruwa irin su Rijau, wanda ke kan hanyar motar da ta tashi daga Kontagora ta nufi Zuru, ba a rasa gidajen da in aka shiga turakar maigida, aka jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, za a tarar da wani kaya wanda yaran gidan ba su san amfaninsa ba. Yana nan kwance tare da tsofaffin takardun haraji da hoton aikin Hajji da sulallan da aka daina ciniki da su tun da Naira ta fito a 1973. Baƙi ne zagayayye mai faɗi, da huda a tsakiya, an kuma manna masa 'yar takarda mai rubutu kewaye da hudar. Wannan shi ne faifan garmaho. Inda yara suka kai gare shi sukan mai da shi abin gare-gare a tsakar gida. Inda kuwa uwargida ta riga su, sai ta rufe ƙwaryar fura da shi, watau ta mayar da shi ga aikin faifan kaba, wanda tun asali daga gare shi ya ari sunansa.

To, abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, wannan kaya da ake yi wa kallon tarkace ya sake yin daraja a duniya. A Amurka, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta ƙasar ta ba da lissafin cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho wajen miliyan 41, alhali kuwa faifan CD miliyan 33 aka sayar, kuma rabon da garmaho ya shiga gaban CD a wajen yawa tun 1987. A Birtaniya ma an sayar da kusan miliyan 6 a 2023, adadin da ba a ga irinsa ba tun 1990. Masu sayen nan kuwa ba tsofaffi masu begen jiya kaɗai ba ne. Da yawansu samari ne da 'yan mata waɗanda aka haifa bayan garmaho ya kwanta dama, kowanne da wayar hannu a aljihu wadda za ta kawo masa duk waƙar da ransa ke so kafin ya ƙifta ido.

Saboda haka ya kamata a tambaya, mene ne ke cikin wannan baƙin faifai wanda babu shi a waya? Amsar da Bature zai bayar daban take da wadda ta shafi ƙasar Hausa. Shi sha'awa ce ke jansa. A nan kuwa akwai abin da ya fi sha'awa nauyi, domin yawancin masu muryoyin da ke cikin fayafan nan sun riga mu gidan gaskiya, ba kuwa za a sake tara su a gaban na'ura ba.

Asalin abin ya faro ne daga wani Ba'amurke, Thomas Edison, wanda a 1877 ya ƙago na'urar da ke kama murya ta kuma maido da ita. Tasa na'urar a jikin wani abu mai siffar gwangwani take yin rubutunta. Bayan shekara goma, a 1887, wani Bajamushe mazaunin Amurka mai suna Emile Berliner ya fito da dabarar yin rubutun a kan faifai shimfiɗaɗɗe, shi ne kuma ya raɗa wa na'urarsa sunan da bakin Bahaushe ya mayar garmaho. Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. In mai karatu ya ɗaga faifai ya duba shi cikin haske, zai ga kamar layuka ne barkatai, amma a gaskiya kwarmi guda ɗaya ne tak, siriri kamar gashi, wanda ya faro daga baki yana ta kewayawa har ya kai kusa da cibiya. Kwarmin nan ba miƙaƙƙe ba ne, yana da 'yan karkace-karkace daidai da yadda muryar mawaƙi da ƙarar ganga suka girgiza allurar da ta yanka shi. In aka ɗora wata allurar ta bi ta cikinsa, sai ta yi irin waccan karkarwa, sautin ya dawo. Ke nan abin da ke jikin faifai sawun murya ne, kamar yadda sawun raƙumi ke zama a kan rairayi.

Fayafan farko masu nauyi ne, ana yin su da wani irin ƙaro da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya. Suna juyawa sau 78 a minti ɗaya, kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku zuwa biyar, in kuwa suka faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na roba mai juyawa sau 33 da sulusi, wanda gefe guda ke ɗaukar minti ashirin da wani abu, sa'an nan a 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai juyi 45. Waɗannan uku su ne ake samu a akwatunan tsofaffi, kuma sanin bambancinsu yana da amfani ƙwarai, kamar yadda za a gani nan gaba.

Harshen Hausa bai makara ba wajen hawa faifai. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a birnin Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, ya buga, ya aiko da su don a sayar a kasuwannin wannan yanki. Daga baya manyan kamfanoni irin su Decca da EMI da Philips suka kafa rassansu a Ikko, wani ɗan ƙasa kuma, Cif Tabansi, ya kafa nasa kamfani har da masana'antar buga faifai a Onica. Ko da yake hankalin kamfanonin ya fi karkata ga kiɗan Kudu, inda kasuwa ta fi garawa, ba su bar Arewa ba. An buga Alhaji Mamman Shata Katsina da Ɗanmaraya Jos da wasu takwarorinsu, aka baza fayafan a kantunan Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato. Masu bincike ma sun yi nasu aikin. Wani Ba'amurke, David Ames, ya zauna a ƙasar Zazzau cikin shekarun 1960 yana ɗaukar kiɗan fada da na masu sana'a, aka buga abin da ya ɗauka a fayafai a Jamus, ya kuma haɗu da Anthony King suka wallafa littafi a kan kiɗan Hausa a 1971.

Akwai wani abin lura a nan. Makaɗin Hausa bai saba da agogo ba. Mutum ne wanda zai fara waƙa bayan sallar lisha, ya yi ta saƙa ta yana ƙari, yana sako sunan duk wanda ya shigo fage ya yi kari, har dare ya raba. Da aka kai shi gaban na'ura aka ce masa ga iyakar mintocin da faifai zai ɗauka, dole ya zauna ya tace, ya zaɓi ɗiyan da suka fi ƙarfi, ya ja wa 'yan amshi kunne. Don haka waƙar da ke kan faifai ba daidai take da wadda aka yi a gidan biki ba, ba kuma daidai take da wadda aka ɗauka a gidan rediyo ba. Waƙa irin Bakandamiyar Shata an yi ta sau da yawa a wurare daban-daban, kowane yi da abin da ya shigo da abin da ya fita. Mai nazari yana bukatar ya san wanne ne wanne, faifai kuwa yana daga cikin 'yan shaidun da ke iya faɗa masa.

Yaya aka yi garmaho ya kai garuruwan da ke nesa da layin dogo, kamar Rijau da Dukku da Tungan Magajiya? Matafiya ne suka kai shi. Wannan yanki, musamman maƙwabciyarsa ƙasar Zuru, ya yi suna wajen ba da sojoji tun zamanin Turawa, kuma sojan da ya dawo daga yaƙin Bama, ko daga yaƙin basasa wanda ya ƙare a 1970, ba ya dawowa hannu rabbana. Ban da su akwai direbobin manyan motoci, da fataken shanu da na goro masu zuwa Ikko da Badun, da malaman makaranta, da ma'aikatan En'e, da alhazai. Ba kuwa kiɗa kaɗai ake kawowa ba. Bayan da Shaihu Mahmud Khalil al-Husari na Masar ya kammala ɗaukar karatun Alƙur'ani mai girma baki ɗaya a 1961, fayafan ƙira'a sun yaɗu a ƙasashen Musulmi, gidajen da ba a yarda a sa kalangu ba ma suka sami dalilin ajiye na'urar. Da kuɗin Udoji suka fito a 1975 kuwa, sai abin ya zama ruwan dare ga ma'aikata. Mai hali ya sayi rediyogiram, wani ƙaton akwatin katako mai ƙafafu wanda ke cin rabin zaure, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya sayi ɗan ƙarami mai amfani da batir.

Waɗanda suka ga zamanin ba su manta yadda ake zaman sauraro ba. In an ci tuwon dare sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a kunna fitilar ƙwai, a fito da garmaho a buɗe murfinsa, sau da yawa da tambarin nan na kare yana leƙa ƙaho a jikinsa. Maigida ne kaɗai ke taɓa faifai, shi ke sa allura, kuma allurar ƙarfe ta tsohon garmaho sai an sake ta a kai a kai, domin da ta yi gefe ɗaya ko biyu ta dakushe. Aikin yaro shi ne wana hannun na'urar, babbar alfarma ce kuwa a zaɓe shi. In ya yi sakaci wanin ya saki, sai a ji muryar mawaƙi ta yi nauyi tana ja kamar ta mai barci, yara su fashe da dariya, manya su daka tsawa. Ba wanda ke cewa a tsallake wannan a sa waccan. Abin da aka ɗora shi za a ji har ƙarshe, a juya ɗaya gefen, sa'an nan a tsaya a yi muhawara a kan wanda mawaƙin ke yi wa zambo da abin da ya haɗa su. Mutumin da ke da fayafai goma ya haddace su tsaf, maƙwabtansa ma sun haddace. Ga wanda ba shi da na'ura kuwa akwai gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, inda ake aika wasiƙa a shirin Zaɓi Sonka a roƙi waƙa a gai da 'yan uwa.

Kaset ne ya kawo ƙarshen wannan zama. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma game ƙasar nan daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980. Yana da araha, yana shiga aljihu, ana sa shi a mota ko da hanya ta yi gargada, inda allura ba za ta iya zama a kan faifai ba. Abin da ya fi duka shi ne kowa na iya kwafarsa. Mutum ɗaya ya sayi faifai, sai a juye shi a kaset ɗari a sayar, ba kamfani ya samu ba, ba mawaƙi ya samu ba. Da wannan, da karyewar darajar Naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sai kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu. Reshen EMI ya koma Ivory Music, na Polygram ya koma Premier, injinan buga faifai suka yi shiru. Sai dai a yi wa kaset adalci. Shi ne ya ɗauki ƙananan makaɗan ƙauye waɗanda babu kamfanin da zai waiwaye su, shi ne ya ɗauki wa'azi da tafsiri, shi ne kuma ya raya kasuwa irin ta Ƙofar Wambai a Kano.

Yau kuwa ko kaset ɗin ya bi sawun garmaho. A kowace kasuwar mako, har da ta Rijau, akwai samari masu kwamfuta a ƙarƙashin rumfa waɗanda ke zuba wa mutum waƙoƙi ɗaruruwa a cikin ɗan katin waya wanda bai kai farcen yatsa ba. Manomi yana huɗa yana sauraron Ɗanƙwairo, mai acaɓa yana tafe da Barmani Coge a kunne. Wannan ci gaba ne, babu mai musu, domin ba a taɓa yin zamanin da tsofaffin waƙoƙi suka kai kunnuwa da yawa kamar yanzu ba. Amma duk wanda ya buɗe irin wannan kati ya duba zai ga abin da aka rasa. Waƙa tana zuwa ba suna, sai lamba. Wata an yanke mata kai, wata an datse mata wutsiya. Wata an juyo ta ne daga kaset wanda shi ma an juyo shi daga wani kaset ɗin, har kalangu ya koma kamar ana buga kwano a cikin rijiya. Ba abin mamaki ba ne a ga waƙar wani makaɗin fada an liƙa mata sunan wani, a yi ta tura ta haka daga waya zuwa waya har kuskuren ya zauna daram. Narambaɗa da Sa'idu Faru da Aliyu Ɗandawo kowa da gidansa da ubangidansa da irin kiɗansa, amma yaron da ya gaji waƙoƙinsu a kati ba shi da abin da zai rarrabe su da shi.

A nan ne 'yar takardar nan ta tsakiyar faifai ke nuna amfaninta. A kanta akwai sunan mawaƙi, da sunan waƙa kamar yadda aka ba kamfani, da sunan kamfanin, da lambar faifan, sau da yawa har da shekara. A kan jakar kwalin babban faifai kuma akan sami hoton mawaƙin, wani lokaci tare da mutanensa da kayan kiɗansu. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Masu rubuta tarihinsu, kamar marubutan littafin Shata Ikon Allah wanda ya fito a 2006, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero wanda ya daɗe yana tattara waƙoƙin baka a rubuce, sun dogara ƙwarai ga abin da tsofaffi suka tuna. Tunani kuwa yana tsufa tare da mai shi, amma lambar da aka buga a takarda tana nan yadda take.

Masu tara fayafai, a ko'ina suke, halinsu ɗaya ne da na masu kiwon tantabaru ko masu son doki, watau wahalar abin tana cikin daɗinsa. Akwai daɗin farauta, mutum ya yi shekaru yana neman faifai guda, rana ɗaya ya ci karo da shi a ƙarƙashin tarkacen wani mai gyaran rediyo. Akwai daɗin riƙewa a hannu, a zaro shi daga jaka, a hure ƙura, a ɗora allura a hankali, a ji ɗan ƙaras-ƙaras ɗin nan kafin ganga ta faɗo. Akwai kuma natsuwar da yake tilasta wa mai sauraro, domin ba a sauraron garmaho ana tafiya. Abin da waya ta ɗora wa mutum a yau haya ce kawai, in katin ya lalace ko wayar ta faɗa ruwa ko kamfanin intanet ya janye waƙar, shi ke nan. Faifan da aka buga a 1970 kuwa, in an kula da shi, zai yi magana yau kamar jiya.

Wasu masu sha'awar sukan wuce nan su rantse cewa sautin faifai ya fi na kowace na'urar zamani. Wannan magana akwai son rai a cikinta. In aka ɗauki waƙa da kyau a na'urar zamani, ta fi tsabta, ba ta da ƙara, ba ta kuma cinyewa da yawan sauraro. Har ma wani bincike da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna cewa rabin masu sayen faifai a Amurka ba su da na'urar da za su sa shi. Amma game da tsofaffin waƙoƙin Hausa maganar tana da ƙamshin gaskiya, saboda ba da tsabtataccen ɗauka ake gwada faifan ba, da kwafin kwafin kaset ake gwada shi. Wanda bai taɓa jin kuntigin Ɗanmaraya ba sai a waya, ranar da ya ji shi daga lafiyayyen faifai zai san an daɗe ana ba shi saura.

Tun wajen shekarar 2000 Turawa masu wannan farauta suka juyo Afirka ta Yamma. Kamfanoni irin su Strut da Soundway na Ingila da Analog Africa na Jamus sun bi kasuwanni da ɗakunan ajiya a Ikko da Kwatano da Akara suna sayen tsofaffin fayafai, suna gyara sautinsu, suna sake bugawa. Akasarin abin da suka kwasa kiɗan Kudu ne, amma ƙasar Hausa ma ba ta tsira ba. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tarar da wani tsohon kaset na Mamman Sani, makaɗin nan na Yamai wanda ya ɗauki kiɗansa na lantarki a 1978, ya sake buga shi a faifan garmaho a 2013, sunan mutumin ya zagaya Turai bayan shekara talatin da biyar. A wannan shekarar kuma kamfanin ya tattara waƙoƙin finafinan Kano ya buga su a faifai mai suna Harafin So. Abin dariya abin tausayi, waƙoƙin da aka haɗa da kwamfuta a Kano, waɗanda masu su ba su taɓa riƙe garmaho ba, ga su a kan baƙin faifai ana saye a Landan da Balin.

Ba daidai ba ne a kira waɗannan mutane ɓarayi. Sun ceci abubuwa da yawa waɗanda da yanzu sun zama ƙasa, wasunsu kuma sun nemi mawaƙan ko magadansu sun biya su haƙƙi. Amma ciniki ne tsakanin wanda ya san daraja da wanda bai sani ba. Dillali zai sayi akwati guda a kan kuɗin da bai kai na buhun masara ba, ya ware masu kyau ya sa su a kasuwar intanet inda ake ciniki da Dala da Fam. Faifan da ya tsallaka teku kuwa da wuya ya dawo. Ana iya wayar gari ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai rubutu a kan wani makaɗin Sakkwato sai ya nemi izini daga wani ɗakin ajiya na Turai kafin ya ji muryar mutumin ƙasarsu.

Duk da haka dillali ba shi ne babban abokin gaban faifai a wuri irin Rijau ba. Zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano yana lanƙwasa na roba har ya koma kamar ganyen kabewa. Gara tana cinye jakar da takardar tsakiya, ta bar faifai ba suna. Ɗigar damina tana kawo fumfuna. Ranar rabon gado kuwa ana lissafa gona da shanu da babur, akwatin fayafai sai a bar wa yara. Sa'an nan ga masifar 'yan bindiga wadda ta addabi ƙasar Kontagora a 'yan shekarun nan, ta taɓa Mariga da Magama da Rijau kanta, ta tashi ƙauyuka da dama. Wanda ya fita da tsakar dare da goyo a baya da yaro a hannu ba zai tsaya ɗaukar garmaho ba, ba kuwa mai hankalin da zai ga laifinsa. Ana ƙidaya rayuka da dabbobi da rumbunan da aka ƙone, haka kuwa ya kamata. Abin da ke cikin akwatuna ba ya shiga lissafin kowa.

Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo. Rijau ƙasar Dukawa ce da Kambari tare da Hausawa da Filani, kowace ƙabila da kiɗanta na noma da na aure da na kokawa da na bukin kaka. Kamfanonin Ikko abin da zai sayu suke bugawa, don haka da wuya a sami irin wannan kiɗa a kan faifan kanti. Inda aka dace aka ɗauke shi, sai dai a kaset ɗin da wani ya yi a gidan biki, kaset kuwa ya fi faifai saurin mutuwa, zarensa yana manne wa juna, sautinsa yana dushewa. Saboda haka duk mai neman tsohon faifai a wannan yanki, in ya ga kwalin kaset a gefen akwati, kada ya raina shi. Mai yiwuwa Shatan da ke kan faifan akwai irinsa a Kaduna, amma makaɗin gayyar da ke cikin kaset ɗin babu shi ko'ina a duniya sai nan.

Wuraren da ya kamata su karɓi irin wannan amana suna nan. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin ajiye kayan tarihi na ƙasa da ke can, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, ga kuma gidajen rediyo masu ɗakunan ajiya cike da tsofaffin ɗauka. Abin da ya rage shi ne a sami masu fita ƙauyuka da na'ura, su roƙi aro, su juye, su rubuta abin da ke kan takarda da abin da mai faifan ya sani game da shi, su mayar masa da kayansa. Aiki ne wanda majalisar masarauta ko ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ɗalibai 'yan asalin gari za ta iya somawa ba tare da jiran Abuja ba.

Kafin a kai ga haka, wanda Allah ya sa ya gaji irin wannan akwati yana da abin yi da hannunsa. Faifai a tsaye ake ajiye shi kamar littafi, ba a jibge wani kan wani, kuma a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bango mai danshi. A gefe ake kama shi, ba a ɗora yatsa a kan kwarmin. In ya yi datti, ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi sun isa, a bi da'irar a hankali, a kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. Kananzir da fetur da sinadarin goge-goge ba su da wuri a nan, musamman ga tsohon nan mai juyi 78, wanda irin waɗannan abubuwa ke ci masa fuska. Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne a ɗauki faifan roba mai juyi 33 ko 45 a ɗora a kan tsohon garmaho na wani. Allurar ƙarfe da nauyin hannunta za su huɗe kwarmin kamar garma, sau ɗaya ya isa a rasa waƙar har abada.

Ko da an sami na'urar da ta dace, a tuna cewa kowane sauraro yana ɗan rage wa tsohon faifai kwana. Don haka kafin a ɗora allura a kan wanda ya yi shekara arba'in a rufe, a fara ɗaukar hoton takardarsa gaba da baya, a kira dattijon da ya san mawaƙin ya zauna kusa, a sa yara su yi shiru, sa'an nan a ajiye waya a gaban lasifika tana ɗauka tun daga ƙaras-ƙaras ɗin farko.